Ƙugun Ƙarfe: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?



Mai unguwa, malam liman, iyayena maza da mata, 'yan'uwana direbobi da ma'aikatan Sharaɗa da Challawa da Bompai da kuka taso daga aiki kuka zo nan Hotoro, ina yi muku barka da yamma. Sana'ata gashin ƙashi. Ba ni ne mai riƙe wuƙa a ɗakin tiyata ba. Ni ake miƙa wa mutum bayan an gama ɗinki, in koya masa saukowa daga gado, in tsaya a gefensa ranar da zai fara taka ƙasa. Abin da zan faɗa yau daga bakin gadon na gan shi.

Tambayar da aka ba ni ita ce: mutumin da amosanin ƙashi ya cinye masa ƙugu, likita ya ce sai an cire gaɓar an sa ta ƙarfe, shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu? Amsata ita ce tana biya, kuma na gani da idona. Amma tana biya ne ga wanda gaɓarsa ta ƙare da gaske, kuma ga gidan da ya shirya wa watannin da ke biyo bayan aikin kamar yadda ya shirya wa ranar aikin. A wannan sharaɗi na biyu muke yawan faɗuwa, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Ku masu hulɗa da inji ba sai na sha wahalar yi muku bayani ba. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune a cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a jikin kwatangwalo. Fuskar ƙwallon da cikin ƙoƙon duk an shafe su da guringuntsi mai santsi, ga kuma ruwan gaɓa yana yi musu aikin giris. Idan guringuntsin ya zaizaye, ƙashi ya fara gogar ƙashi, kun san ƙarar boris ɗin da ya ci. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu man shafawa da ke sake tsirar da shi, ko me mai talla ya faɗa a lasifika.

Ciwon yana da yaudara. Sau da yawa ba a bayan ƙugu yake bayyana ba, a matsematsi yake, ya gangaro gaban cinya har gwiwa. Na sha ganin wanda ya shekara yana ɗaure gwiwa alhali gwiwar lafiyarta ƙalau. Alamar da nake fara tambaya ita ce ta alwala: kana iya ɗago ƙafarka ka wanke ta, ko sai ka jingina da bango? Kana iya yanke farcen ƙafarka da kanka? Sai ɗingishi, sai ƙafa ɗaya ta fara gajarta, sai ciwon dare. Akwai kuma wanda ciwonsa daga ƙashin baya yake saukowa ƙafa, shi ko an canja masa ƙugu ba abin da zai ragu. Shi ya sa hoton ƙashi da hannun likitan ƙashi ne ke yanke hukunci.

A Turai wannan galibi ciwon tsofaffi ne. A nan Kano layin asibiti ya bambanta. Za ka ga dattijo, a bayansa kuma yarinya 'yar shekara 22 da sanda. Sikila ce. Jinin mai sikila yana toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu daga ciki, ya lotsa kamar ƙwaryar da aka taka. Ƙiyasin da aka daɗe ana ambata shi ne ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Sai wanda ya taɓa karyewa a wuyan ƙashin cinya aka kai shi ɗori. Ina girmama masu ɗori, akwai karayar da suka gada kuma suka iya, amma wannan gurbin yana can cikin nama inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma karayar kan yanke jinin da ke raya ƙwallon. Sai wanda tarin fuka ko wata ƙwayar cuta ta shiga gaɓarsa tun yana yaro. Sai kuma masu shan ƙwayoyi irin su dexamethasone da prednisolone tsawon lokaci ba da umarnin likita ba, ko don ciwon jiki, ko don neman ƙiba. Iyayena mata, ku ja kunnen 'ya'yanmu a kan wannan. Waɗannan ƙwayoyi suna iya kashe kan ƙashin cinya kamar yadda sikila ke yi.

Ba duk mai ciwon ƙugu ne ke bukatar wuƙa ba. Wanda abin bai yi nisa ba, rage ƙiba, motsa jiki na ƙa'ida, maganin da likita ya auna, da sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, suna iya ba shi shekaru. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda ya gwada duk wannan, hoto ya nuna ƙashi a kan ƙashi, barci ya gagara, sana'a ta tsaya.

Bari in kawo muku mutum ɗaya. Direban tanka ne, ya haura hamsin, yana lodi a defon man da ke nan unguwar. Lokacin da ya zo wurina, yaron motarsa ne ke tura shi ta baya kafin ya hau mazaunin direba. Kullum da asuba a teburin mai shayi zai watsa ƙwayoyin kashe ciwo guda huɗu a baki ya kora da shayi, har gyambon ciki ya kama shi, gwaji kuma ya nuna ƙodarsa ta fara gajiya. Shekara uku yana gudun tiyata, don an ce masa wanda aka sa wa ƙarfe ya zama gurgu. Da aka yi, kwana goma sha biyu bayan nan na je gidansa. Ina duba ɗinkin, sai maiɗakinsa ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Malam, yau sai da na tashe shi sallar asuba." Ta ce rabon da ta tashe shi ta manta, don kullum a zaune take samunsa yana riƙe da cinya. Abin da aikin nan ya fi iya dawowa da shi ke nan: barci, da tafiya babu azaba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun wannan.

Aikin kuma ba sabon gwaji ba ne. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita shi a asibitin Wrightington. Ya fara da ƙoƙon wata roba da ake kira Teflon, ta riƙa cinyewa a jikin mutane, dole ya koma ya ciccire. A 1962 ya koma wata roba mai tauri, ya haɗa ta da ƙaramin ƙwallon ƙarfe, ya kafe su da wani irin siminti na ƙashi, kuma tsarin da ake bi ke nan har yau da gyare-gyare. Ya ma roƙi marasa lafiyarsa su yarda a ciro gaɓar bayan rasuwarsu don ya ga yadda ta ci. A 2007 mujallar likitanci ta Lancet ta kira shi aikin tiyatar ƙarni. Mu kuma a nan Allah ya yi mana gata. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na tarayya tare da na Igbobi a Legas da na Enugu, kuma ana canjin ƙugu a can. Mutane daga Katsina da Jigawa da Nijar suna zuwa abin da mu adaidaita sahu ke kai mu.

Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne. Galibi allura ake yi a baya, rabin jiki na ƙasa ya mutu na ɗan lokaci. A yanke mataccen ƙwallon, a kankare ƙoƙon a sa sabo, a zura sandar ƙarfe cikin ɓargon cinya da sabon ƙwallo a kanta. Daga nan aikin likita ya ragu, namu ya fara.

Abu na farko da ke ba dangi mamaki shi ne washegari, wani lokaci ma ranar, za mu ce mara lafiya ya tashi ya tsaya. Na sha ganin ɗa ya ɓata rai, ya ce jiya-jiya aka yanka Baba, yau za a tayar da shi? To, kwanciyar ce abin tsoro. Jinin da ya kwanta a jijiyar ƙafa yana iya daskarewa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa. Shi ya sa ake tayar da mutum da wuri, ake ba shi maganin tsinka jini na kimanin wata guda. Kada a daina shan sa don an ga sauƙi. Idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya zo, ko ɗinki ya fara ruwa, a koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Bayan 'yan kwanaki za a sallame shi. Wajen mako biyu a cire zare. Mako huɗu zuwa shida yana tafiya da ƙarfen dogarawa ko sanduna biyu, sannan sanda ɗaya. Tuƙin ƙaramar mota da aikin zama, wajen mako shida idan likita ya yarda. Aikin tsayuwa a gaban inji, wata uku ko fiye. Ƙarfin cinya kuwa yana ci gaba da dawowa har shekara. Akwai ciwon yanka a makonnin farko, akwai kumburi, akwai gajiya, akwai ranar da mutum zai ce da ya sani bai yi ba. Wannan ranar tana zuwa wa kusan kowa, yawanci a mako na biyu ko na uku, kuma tana wucewa. Wanda ya daɗe yana jan ƙafa kafin aiki, namansa ya riga ya shanye, shi ɗingishinsa zai fi daɗewa. Wannan ne hasarar jinkiri.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Takardar da ake ba mara lafiya a asibiti, asalinta an rubuta ta ne don gidan da ake zama a kan kujera, a ci a tebur, a kwana a gado mai tsawo. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke cin tuwo. A tsugune muke kewayawa, a tsugune muke alwala, a tsugune mace ke wanki da girki, a durƙushe yaro ke gaida babba. Sabon ƙugu kuma a makonni shida zuwa goma sha biyu na farko yana da dokoki uku, musamman idan ta bayan ƙugu likita ya shiga: kada gwiwa ta ɗaga ta fi ƙugu tsawo, kada a harɗe ƙafa, kada a murɗa ƙafar ciki. Naman da ke riƙe gaɓar bai gama haɗewa ba, ƙwallon yana iya fita daga ƙoƙo. Ku duba dokar farko, ku duba gidajenmu. Kusan duk abin da muke yi daga asuba zuwa isha'i yana karya ta.

Gwaggona ce ta koya mini wannan. 'Ya'yanta suka haɗa kuɗi, har da sayar da fili, aka kai ta ƙasar waje, aiki ya yi kyau, aka dawo da ita ana murna. Babu wanda ya tuna da banɗaki. Kwana tara da dawowa, da daddare, ta ji nauyin tashin jikarta, ta lallaɓa da kanta ta tsuguna a masai. Ihunta ne ya tashi gidan. Na same ta a ƙasa, ƙafar ta gajarce ta juya ciki, buta tana gefe a kife. Sai da aka sake sa ta barci a asibiti aka mayar da gaɓar, ta yi makonni a kwance, kuma har ta bar duniya ba ta ƙara amincewa da ƙafar ba. Miliyoyi aka kashe, abin da ya rage kujerar katako mai huda a tsakiya, wadda kafintan bakin titi zai haɗa a yini ɗaya. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Saboda haka kafin a sa ranar aiki, a gyara gida. Kujerar banɗaki mai tsawo da abin riƙewa a bango. Gado wanda idan mutum ya zauna a bakinsa gwiwarsa ba ta kai tsawon ƙugunsa ba. Katifar ƙasa a ɗaga ta. Kujera mai tauri mai hannu, a ajiye kushin mai nutsewa da kujera 'yar tsugunno. Matashi tsakanin cinyoyi idan za a kwanta. A kwashe ledar ƙasa mai zamewa da wayoyin caji daga hanya. Ranar sallama kada a sa shi a adaidaita sahu, mazauninta ƙasa-ƙasa ne ga girgiza. A nemi mota, a tura kujerar gaba baya, a ɗora matashi. A kuma ware mutum ɗaya wanda zai kwana da shi, wanda mara lafiya ba ya jin kunyarsa.

Sai 'yan dubiya. Dubiya lada ce, amma ɗakin da ya cika daga safe zuwa dare yana hana mutum atisayen da aka ba shi, yana kuma sa dattijuwa ta yunƙura ta rusuna wa wanda ya girme ta. Sai kuma tausayin da ke cutarwa, a ce a bar Hajiya ta huta, a kawo mata komai har bakin gado. Hajiyar da aka bari ta huta wata biyu, ƙarfen yana nan lafiya amma naman da zai ɗauke shi ya tafi. Mai ƙaunarta shi ne wanda zai riƙe ta ta zaga tsakar gida sau uku a rana.

Tambayar da ta fi kowace zuwa mini, kuma galibi a hankali ake yin ta bayan kowa ya fita, ita ce: "Zan sake yin sujada?" Ga malam liman nan, ya fi ni sanin hukunci, kuma sananne ne a hadisin Imrana ɗan Husaini cewa an yi wa mara lafiya rangwamen yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagara. A watannin farko salla a kan kujera take. Bayan nan da yawa suna komawa ruku'u da sujada, a hankali, da izinin likitan da ya yi aikin, don shi ya san ta inda ya shiga da girman ƙwallon da ya sa. Zaman tahiya da tanƙwashe ƙafa sun fi wuya, wasu ba sa komawa gare su. Ku yi wa likita wannan tambayar kafin aiki, ƙarara, kada kunya ta hana. Amsar tana iya shafar irin kayan da zai zaɓa.

Ba zan ɓoye muku haɗari ba. Ƙwayar cuta tana iya shiga gaɓar, wajen mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma idan ta kama ƙarfe fitar da ita babban aiki ne. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan taba, mai ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo a ƙafa, ya fara gyara waɗannan. Ƙafa ɗaya tana iya ɗan fin ɗaya tsawo. Kuma ƙarfen ba na har abada ba ne. Masu bincike a Jami'ar Bristol sun tattara bayanan dubban marasa lafiya suka buga a 2019: kusan 9 cikin 10 na ƙugun ƙarfe suna nan bayan shekara 15, kusan 6 cikin 10 suna kai shekara 25. Ga ɗan shekara 68 wannan albishir ne. Ga ɗan shekara 30 mai sikila, ma'anarsa ita ce ya sa a ransa akwai aiki na biyu a gaba, wanda ya fi na farko wuya da tsada. Duk da haka ba na ce wa matashi ya jira tsufa. Shekarun karatu da aure da neman na kai su ne ciwon ke cinyewa. Sai dai aikin mai sikila yana son asibitin da ke da likitan jini da tanadin jini a kusa, kamar yadda ake da su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, don ƙashinsa da jininsa suna da nasu hali.

Ku 'yan'uwana masu aikin ƙarfi, ga gaskiyar da ta shafe ku. Waɗancan alƙaluma daga ƙasashen da mai ƙugun ƙarfe ba ya dakon buhu aka samo su. Wanda ke sauke buhunan kilo hamsin a Bompai, ko jan jiƙaƙƙun fatu a majemar Challawa, ko dirowa daga kan tirela, idan ya koma wannan aikin zai cinye gaɓar da wuri. Direban da na ba ku labari ya koma tuƙi, amma ya bar doguwar hanya, kuma da tsani yake hawa. Tun kafin tiyata a yi magana da manaja ko ƙungiya a kan canjin wurin aiki. Wanda kuma rauni a bakin aiki ne ya jawo masa lalacewar ƙugu, ya sani akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF don irin wannan rana. Ku tambayi shugabannin ƙungiyarku ko ana zubawa, kuma duk haɗarin da ya faru a rubuta shi a ranar.

Kuɗi kuwa, miliyoyi ne, kuma tunda daga waje ake shigo da ƙarfen, farashinsa yana bin dala, musamman tun da aka saki naira a 2023. Shawarata ita ce a raba abin da aka tara gida biyu tun farko: na aiki, da na bayan aiki, wato magani, gashi, gyaran gida, da abincin iyali na wata ukun da maigida ba ya fita. Mai niyyar Indiya ko Masar ya tambayi kansa wa zai duba shi idan ɗinki ya yi ruwa a Hotoro, ya kuma sani doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan aiki tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Ko a ina aka yi, a karɓo takarda mai sunan kamfanin ƙarfen da samfurinsa da girmansa. A 2010 an janye wani samfuri na kamfanin DePuy mai suna ASR daga kasuwar duniya saboda yana lalacewa da wuri, kuma a Indiya an sha wahalar gano dubban mutanen da aka sa wa shi. Takardar nan a adana ta tare da takardar gida.

Na ga wasu sun zo da hotunan ƙashinsu a cikin ambulan. Ku riƙe su, bayan magariba zan zauna a nan baranda in duba ɗaya bayan ɗaya, in faɗa wa kowa ko na Dala ne ko na gashi. Na kuma zo da kujerar banɗakin da nake magana, ga ta can bakin ƙofa. Idan akwai kafinta a cikinmu, ya zo da tef ɗinsa ya ɗauki awo. Iyayena mata su fara tambaya. Hajiya ta can baya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.